Kafin a Kwance wa Kare Igiya a Bakin Banco

Jama'ar Adjamé da Treichville, masu kare da waɗanda ba su da shi, a tsaya a saurara. Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin samarinmu. Ana nuna musu Bature a Facebook da TikTok yana tafiya cikin kurmi, karensa na gaba babu igiya. Karen yana shinshina, yana bin sawu, yana kutsawa cikin ciyawa ya ɓace, can ya ɓullo. Sai a ce haka Allah Ya halicci kare, a bar shi ya bi halinsa. Maganar na da daɗin ji. Daji kuma ga shi a ƙofarmu. Gandun Banco ya yi iyaka da Adjamé da Attécoubé da Yopougon da Abobo, hekta sama da 3,400 na kurmi a tsakiyar birni mai mutum fiye da miliyan 5. Yaron da ya sayi ɗan kwikwiyo a Williamsville ba ya buƙatar kuɗin mota mai yawa kafin ya kai bakinsa. Duk wanda ke niyyar kai kare can ya sake shi, ya dakata. Wanda ya riga ya fara, ya daina yau.

Gaskiya ne kare na buƙatar gudu. Karen da aka ɗaure da sarƙa dare da rana a bayan shago yakan zama mugu, kuma zalunci ne. Babu mai musun wannan. Amma Baturen da ke cikin bidiyon ya biya kuɗin wannan sakewa tun kafin ya kunna kyamara. Ingila ta kawar da haukan kare daga dabbobinta tun 1922. Faransa ta yi shekaru tana watsa maganin rigakafi cikin ƙoto a dazuzzuka domin yanyawa ta ci, sai a 2001 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Jamus ta kai wannan matsayi a 2008. Duk da haka, a Faransa doka ta hana sakin kare a cikin kurmi, in ba a kan hanya ba, daga 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni, lokacin da namun daji ke haihuwa. Wannan ba ya fitowa a bidiyo. Kodebuwa ba ta rabu da haukan kare ba. Cutar na nan cikin karnukan birni da na ƙauye, tana kashe mutane kowace shekara.

Haɗarin yana farawa ne daga lokacin da kare ya fita daga ganinka. Minti 10 sun isa. Ba ka san da wa ya haɗu ba. Bakin daji da kwazazzabai da juji su ne matattarar karnukan da ba su da mai su. Nan suke kwana. Nan suke haihuwa. Nan kuma karen da ciwo ya fara taɓawa yake rakuɓewa. Halin kare da ake cewa a bar shi ya bi, shi ne ya tunkari ɗan'uwansa, ya shinshina, su yi faɗa a kan karya ko a kan ƙashi. Cizo ɗaya a kunne ko a ƙafa, gashi ya rufe shi. Karenka ya dawo yana kaɗa jela. Ka shafa kansa, ku kama hanyar gida.

Daga nan ciwon ba ya gaggawa, kuma wannan ne ya sa yake cin mutane. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Tana shiga ta rauni, ta kama jijiya, ta rinƙa hawa a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. A jikin kare tana iya ɗaukar makonni, tana iya ɗaukar watanni. Duk tsawon wannan lokaci yana cin abincinsa, yana gadi, yana wasa da yara. Maigida ya manta ma da ranar da aka je daji. Kwanaki kaɗan kafin alama ta bayyana, yawun ya riga ya ɗauki cutar. Karen da kowa ke yi wa kallon lafiyayye yana iya lasar gyambon yaro ya sa masa ajali.

A duba inda wannan kare yake dawowa. Adjamé na da mutum fiye da dubu 300 masu kwana, ban da ɗimbin da ke kwarara kullum zuwa kasuwa da tashar mota. Treichville na da fiye da dubu 100 a ɗan fili tsakanin ruwa da tashar jirgin ruwa. Yawancinmu gidan haya muke, ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Yara na rarrafe a ƙasa. Mata na wanke-wanke a tsugune. Tsofaffi na alwala a bakin ƙofa. Karen da ya haukace a irin wannan gida ba mutum ɗaya zai ciza ba. Kafin a ankara ya fita layi. Can ga mai tsire, ga mai garba, ga 'yan makarantar allo, ga masu fita sallar asuba cikin duhu. Bahaushe na iya cewa shi bai ajiye kare ba, babu ruwansa. Haƙoran kare ba sa tambayar wane ne mai shi. Maƙwabcinka ya ajiye, ɗanka ne ke wasa a ƙofarsa.

Yara su ne a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne. Kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Yaro gajere ne, cizo kan same shi a fuska ko wuya ko hannu, inda hanya zuwa ƙwaƙwalwa ba ta da nisa. Yaro kuma yana ɓoyewa. An hana shi taɓa kare, ya taɓa, an yakushe shi, yana tsoron bulala, sai ya ja hannun riga ya rufe. Iyaye, wannan a hannunku yake. Gidan da ake dukan yaro don kare ya cije shi, gida ne da yaro na gaba ba zai faɗa ba. A gaya musu tun yau cewa duk wanda kare ko kyanwa ta ciza, ko ta yakusa, ko ta lashi ciwonsa, ya zo ya faɗa, babu duka.

Akwai kuma kuskuren da ke kashe manya. Mun saba ɗauka cewa mahaukacin kare sai mai kumfa a baki, mai jajayen idanu, mai kai wa kowa hari. Akwai irin wannan. Akwai kuma mai shiru. Shi wannan muƙamuƙinsa ne ke saki. Bakinsa ya rataya, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, ya kwanta a lungu. Mai shi ya ce ai ƙashi ne ya maƙale masa tun da ya je daji. Sai ya zura hannu cikin baki don ya ciro. Hannun mahauci ko makaniki ko mai wanki da wuya a rasa tsaga a jikinsa. Ta nan cutar ke shiga. Karen da ya canza hali ba dalili, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya fara faɗa, ko muryar haushinsa ta sauya, a rufe shi inda ba ya kaiwa ga kowa a kira likitan dabbobi. Kada kowa ya taɓa bakinsa.

In alama ta bayyana a jikin mutum, magana ta ƙare. Ba na faɗin haka don in tsorata kowa. Abin da likitoci suka sani ke nan. Zazzaɓi ya fara, wurin da aka ciza ya rinƙa ƙaiƙayi ko zogi ko da ya warke tuntuni. Sai rashin barci da firgita. Sai mutum ya ga ruwa yana so, maƙogwaro ya shaƙe, ya kasa sha. Ko iska ce ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Dangi su ce aljannu ne ko sammu, a yi ta yawo da shi gidan masu magani. A ƙarshe a kai shi sashen cututtuka masu yaɗuwa na babban asibitin koyarwa na Treichville, inda abin da ya rage wa likita shi ne ya rage masa azaba. Kwanaki kaɗan ne. Tsakanin cizo da wannan rana yawanci wata 2 ne zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Duk wannan tazara dama ce da aka ba mutum ya tsira. Yawancin waɗanda suka mutu, a cikinta suka zauna suna cewa ai ciwon ya warke.

Haukan kare shi ne babba, amma ba shi kaɗai ke jira a cikin ciyawa ba. Kurmin kudancin Kodebuwa na da macizai masu dafi, irin kasa mai kwanciya cikin busasshen ganye ba ta motsi, da masu tofi, da masu bin reshe. Kare da hanci yake bincike, don haka a fuska ake saransa. Mai shi ya ji kuka ya ruga ceto da silifas a ƙafa. Sai a samu biyu a kwance maimakon ɗaya. Ga tarkon waya da masu farautar sata ke ɗanawa domin gada da gyazbi, wanda ke yanke ƙafar kare har ƙashi. Karen da tarko ya kama yana cizon duk wanda ya matso, har ubangidansa. Ga kaska da ƙuma da yake kwasowa ya zube su a tabarmar da yara ke kwana.

Sai mushe. Babu abin da kare ke so kamar ya tono matacciyar dabba, ya yi birgima a kai, ya ɗauko guntu a baki. Wannan ma halinsa ne. A wannan ƙasa an ga abin da mushen daji ke ɗauke da shi. A Nuwamba 1994, a dajin Taï da ke yamma, wata mai bincike 'yar Suwizalan ta feɗe gawar wani biri irin mai kama da mutum, ta kamu da wani nau'in Ebola da har yau ake kira da sunan dajin. Allah Ya yi da sauran kwananta. A wannan daji dai, daga 2001, masu bincike sun gano wata ƙwaya 'yar'uwar cutar saifa tana kashe birai farat ɗaya. Taï na da nisa da Abidjan, amma dabbar da ta faɗi ta mutu a daji ba a san abin da ya kashe ta ba, ko ina take, ba abin da za a bari ya shigo tsakar gida a bakin kare ba ne.

Dajin Banco shi ma yana cutuwa, kuma cutuwarsa tana dawo mana. An ayyana Banco a matsayin gandun ƙasa a 1953. Hukumar kula da gandaye ta OIPR ce ke tsaronsa, kuma a 'yan shekarun nan an gina katanga a gefensa saboda birni na cin sa ta kowace fuska. Cikinsa akwai ragowar birai, har da 'yan tsirarun masu kama da mutum, da gada, da tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai ruwan da ke cikin wanda Abidjan ke sha. Kare ɗaya da aka saki yana iya korar gada har ta faɗi. Yana fasa sheƙa. Yana kai wa namun daji cutar da ba su san ta ba. A 1994 wata cutar karnukan gida ta shiga gandun Serengeti na Tanzaniya ta kashe zakuna kusan 1,000, wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin. A duwatsun Bale na Habasha, haukan kare daga karnukan makiyaya ya sha karkashe kyarkecin Habasha, dabbar da duk duniya ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Namun Banco ba su da inda za su gudu, birni ya kewaye su. Farauta kuma haramun ce a gandun ƙasa. Wanda aka kama karensa da nama a baki a ciki, da jami'an gandu zai yi bayani, kuma baƙo ya san yadda ƙaramar magana ke girma in ta kai ofis.

Wani zai ce ai mu jikokin mafarauta ne, a ƙasar Hausa da karnuka ake fita daji. Haka ne, kuma addini bai hana kare don farauta ko kiwo ko gadin gona ba. Amma wanda ya taɓa ganin fitar farauta a ƙauyukan Katsina ko Maraɗi ya san karnukan a ɗaure ake tafiya da su. Sai an ga nama ake saki. Mafarauci ya san muryar kowane karensa, yana kira ya dawo. Horo ne na shekaru. Saurayin da ya sayi babban karen Turawa don ado wata 6 da suka wuce bai da wannan iko. In karen ya hango gada, ko ya hango yaro na gudu, kiran duniya ba zai juyo da shi ba. Bakin Banco kuma ba wofi yake ba. Akwai masu motsa jiki, akwai 'yan makaranta da ake kawowa ziyara, akwai masu wanki da suka daɗe suna sana'a a bakin rafin, da yawansu baƙi ne irinmu masu neman na tuwo.

Tsohuwar al'adarmu ta cikin gari ita ma daji ce a wata kama. Ana ɗaure karen gadi da rana, in dare ya yi a kwance shi ya nemi abinci. Masu shago da gareji da ma'ajiyar kaya sun san wannan. Karen yana bin layin dogo da magudanar ruwa da bayan kasuwa, yana haɗuwa da duk wanda na bakin daji ke haɗuwa da su. Da asuba ya dawo, maigadi ya ɗaure shi, babu wanda ya san inda ya kwana. Lokacin layya kuma raguna na ɗaure a ƙofar kowane gida, an kawo su daga kasuwa da kuɗi masu nauyi. Tunkiya da akuya da saniya duk suna kamuwa in mahaukacin kare ya cije su. Mai fiɗa da mai gyaran kai su ne za su sa hannu a yawunsu.

Abin yi ba shi da tsada in an yi shi da wuri. Kowane kare a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a karɓi katin, a maimaita a ranar da aka rubuta. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Kowace 28 ga Satumba ranar yaƙi da wannan cuta ce a duniya, kuma hukumar kula da lafiyar dabbobi kan yi gangamin allura, a sa kunne. Mai son karensa ya motsa jiki ya sa masa doguwar igiya, ya fita da shi da sassafe, ya bar shi ya shinshina iya son ransa, igiyar na hannu. In akwai fili mai katanga da ƙofa, a sake shi a can. In za a ratsa da shi cikin jama'a a sa masa takunkumi. Karen da mutum ya gaji da ciyarwa, ko 'ya'yan da karya ta haifa suka yi yawa, kada a kai su bakin daji a yar. Waɗannan su ne ke girma su zama garken da ke tare hanya.

In kuma cizo ya riga ya faru, kada a tsaya neman mai kare don a yi rigima. A kai wurin famfo. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif, a duba agogo, domin minti 15 sun fi yadda mutum ke zato tsawo. Sabulun wanki ma ya isa. A zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko man birki, ko gashin karen. Kada a ɗaure raunin tamau, kada a bari a ɗinke shi a ƙaramin kemis. Daga nan a wuce Treichville a ranar, cibiyar allurar haukan kare ta Institut National d'Hygiène Publique. Mutumin Treichville da ƙafa ma zai iya zuwa. Na Adjamé gada ɗaya zai haye. Mutane na tasowa daga garuruwa masu nisa domin abin da mu muke da shi a unguwa. Tun 6 ga Yuli 1885, ranar da Louis Pasteur ya yi wa yaro Joseph Meister allura ya rayu, aka san cewa wanda ya zo da wuri yana tsira. Mai ciki tana iya karɓa, jariri ma haka. In raunin mai zurfi ne ko a fuska yake, akwai ƙarin magani da ake zubawa a cikin raunin kansa, likita zai faɗa.

Allurar ba ɗaya ba ce. Za a rubuta maka ranakun dawowa, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Likitocin cibiyar sun daɗe suna kokawa da masu karɓar ta farko su ɓace. Ciwo ya bushe, kasuwa ta kira, kuɗi ya yi wuya, sai a ce Allah Ya kiyaye. Rabin allura ba ya ba da tabbacin komai. Wanda kuɗi ya gagara ya faɗa wa 'yan'uwa. Muna tara kuɗi a masallaci don kai gawa gida Nijar ko Najeriya, tara na allura ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mai karen ma haƙƙi ne a kansa ya biya.

Karen da ya yi cizo kada a kashe shi a jefa a kwata cikin fushi, kada kuma a sayar ko a ɓoye shi. A tsare shi, likitan dabbobi ya sa masa ido na aƙalla kwana 10. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu, a sanar da jami'an dabbobi, akwai ɗakin gwaji a Bingerville da ke duba ƙwaƙwalwarsa. Sakamakon ne zai nuna ko akwai wasu a layin da ya kamata a nemo. Amma wanda aka ciza ba ya jiran sakamako, yana fara allura tun ranar farko.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Adjamé da Treichville, ku ake saurara. Ku faɗi wannan bayan sallar Juma'a da wurin ɗaurin aure, da Hausa da Jula da Faransanci. Masu gidajen haya su tambayi duk ɗan hayar da ke da kare katin allurarsa kafin ƙarshen wannan wata. Malaman allo su tambayi almajiransu yau da dare ko akwai wanda kare ya taɓa a 'yan watannin nan. In an samu, gobe da safe a kama hannunsa a kai shi Treichville, ko da raunin ya daɗe da warkewa.